Ƙaiƙayin Dawa da Ƙirjin Magaji

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga Magaji,

Assalamu alaikum. Ina yi maka gaisuwa irin wadda bakina bai iya yi maka ido da ido, da fatan ka sauka Jos lafiya, ka iske kawunka Sule da iyalinsa ƙalau, kuma sanyin garin bai yi maka tarbar da ta wuce kima ba. Allah ya tsare ka a zaune da tsaye, ya sa ka shiga aikin nan da ƙafar dama. Mu nan sai godiya. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka mata suna gaishe ka, har sun fara rigima a kan wadda za ta gaje ɗakinka.

Za ka yi mamakin ganin takarda, ga waya a aljihuna ga waya a aljihunka. To ai ka san yadda wayarmu take. In ce, "Kana lafiya?" ka ce, "Lafiya lau, Baba." In ce, "Ya aiki?" ka ce, "Da godiya." Sai mu yi tsit kamar an aiko mu zaman makoki, daga nan in miƙa wa innarka. Kai ɗan fari ne, ni kuwa a gidan da na tashi uba ba ya sakin baki da ɗan farinsa. Takarda ba ta da ido, shi ya sa na zaɓe ta. In ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da ƙotar fartanya.

Magana ɗaya ce ta zaunar da ni. Ranar da na raka ka tasha a Funtua, mota ta fara motsi, ka leƙo ta taga ka ce, "Baba, kada ka damu, in kaka ta yi zan ɗauki hutu in zo mu yi aikin dawa." Na ce Allah ya kai mu. Na hau babur na kamo hanyar gida ina jin daɗi kamar wanda aka yi wa kyautar riga. Sai da na iso gonarmu ta bakin hanya, na ga dawa ta fara fitar da kai, sannan daɗin nan ya gushe. A kan wannan alkawarin naka nake rubutu. Amma ka bar ni in ɗauko ta daga nesa, tsoho ba ya bin yanke in zai yi magana.

Ka tuna rumbun nan na bayan ɗakin Iya, mahaifiyata, wanda ruwa ya cinye daga baya? A gidanmu, in za a buɗe rumbu da bazara, ɗan farin maigida ake zurawa ta baki ya riƙa miƙo dammuna. Haka ubana ya zura ni, haka nasa ya zura shi. Tun ranar sunanka nake jiran taka ranar. Da ta zo kana ɗan firamare, haƙoranka na gaba sun zube. Na ɗage jinkar rumbun, na kama ka ta hammata na zura ka, baffanninka na tsaye suna kallo, ni kuwa sai fankama nake. Ka miƙo dammuna kaɗan sai muka ji tari daga ciki, tari a kan tari. Ka ce, "Baba, fito da ni." Na leƙa na ce, "Kai, raggo! Yaushe ɗan manomi ya fara tsoron ƙaiƙayi? Miƙo dawa!" Ka ci gaba da miƙowa har aka gama. Da na ciro ka idanunka sun yi jawur, ƙirjinka yana wani siririn kuka kamar na 'yar kyanwa. Na ce mura ce, na sa aka ba ka ruwan zafi da citta.

Ba raggo ba ne kai, ni ne na fi jin kunyar 'yan'uwana a kan jin muryarka. To ga abin da zan faɗa maka. Kawunka ya ce aikin sola akwai hawa rufi, akwai shiga silin a ja waya. Silin ɗin mutane kuwa rumbu ne da ba a taɓa sharewa ba, ƙurar shekaru ce a ciki da kashin ɓera da na jemage. Ka sa takunkumi kafin ka shiga. In ka ji ƙirjinka ya fara ɗaurewa, ka sauko, ko wa ke tsaye a ƙasa yana kallo. Za a yi maka dariya, samari ba sa rasa abin dariya, su gama su koma kan wani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kada ka bari wanda ke waje ya faɗa maka yadda kake ji a ciki.

Kuskurena na biyu ya fi wannan nauyi, don da hannuna na yi shi. Kakar da ta biyo baya, ana ta sheƙe dawa a tsakar gida, abin ya taso maka da rana tsaka. Kana zaune ka dafa gwiwa, kafaɗunka na ɗagawa suna sauka. Iya, Allah ya jiƙanta, ta dube ka ta ce, "Sanyi ne ya shige shi. Hayaƙi za a yi masa, yanzu zai fita." Ta zubo garwashi a kasko, ta barbaɗa saiwoyinta da ganyayyakinta, aka zaunar da kai a gaban kaskon aka lulluɓa maka bargo. Ni na danne bakin bargon don kada hayaƙi ya tsere. Kana tari kana mutsu-mutsu, ina cewa, "Daure, magani ba ya daɗi." Can sai tarin ya ɗauke. Iya ta ce, "Kun gani ko? Ya lafa."

Innarka na tsaye a bakin madafi. Tunda aka haife ka ba ta taɓa ɗaukarka a gaban Iya ba, ko kallonka ba ta yi in da mutane. Ranar nan sai ga ta ta ratso tsakar gida, ta ture hannuna, ta fizge bargon. Ta ce, "Malam, ba lafawa ya yi ba, numfashin yin tarin ne babu!" Leɓunanka sun yi duhu, idanunka sun firfito. Ban san lokacin da na tayar da babur ba. Ta rungume ka a bayana, ko mayafin kirki babu, muka kama hanyar Malumfashi. Duk ramin da muka faɗa sai in ce, "Yana nan?" ta ce, "Yi ta tafiya."

A asibiti suka sa maka wani abu a hanci da baki mai fitar da tururi, a hankali kafaɗunka suka sauka. Likitar, wata mace mai fara'a da kaifin baki, ta zaunar da ni. Ta ce, "Malam, in ƙwayar ƙasa ta faɗa maka a ido, me idon ke yi?" Na ce ya rufe, ya yi ja, ya kawo ruwa. Ta ce, "To a cikin huhu akwai 'yan hanyoyin da iska ke bi. Na kowa suna tsukewa in hayaƙi ya yi yawa, tsaron kai ne. Amma na ɗanka masu saurin fushi ne. Abin da naka ba za su ko kula ba, ɗan ƙaiƙayi, ɗan hayaƙi, iska mai sanyi, ƙamshi mai ƙarfi, ko mura, shi nasa sai su matse, su kumbura, su cika da majina. Iska ta rasa hanya, shi ne kukan da kake ji." Na ce, "To asma ce ke nan?" Ta ce ba kowane mai irin wannan ƙirji ne ke da asma ba, wani yaron mura ce ke bar masa shi na ɗan lokaci ya wuce. Amma kusan duk mai asma haka hanyoyinsa suke, kuma in abin yana tafiya yana dawowa, to a nan ake zarginta. Daga baya, da ka ƙara girma, suka sa ka hura wani bututu kafin shaƙar magani da bayan shaƙa, suka tabbatar ita ce. A wannan zuwan namu na farko, da na gaya wa likitar abin da muka yi maka a gida, sai ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce, "Wanda idonsa ke ciwo kuka zuba wa barkono."

Ban riƙe Iya a zuciya ba, kai ma kada ka riƙe ta. Abin da ta gada ta yi, kuma duk cikin jikokinta babu wanda take so kamarka. Daga ranar ba ta ƙara kunna ko turaren wuta a ɗakinta ba har ta koma ga Allah, ita da ba ta iya kwana sai da shi. Abin lura a nan shi ne, masu sonka sun fi maƙiyanka iya cutar da ƙirjinka, don su ba ka iya ce musu a'a. Jos gari ne mai sanyi. Abokan kwananka za su shigo da gawayi ɗaki su rufe ƙofa, su ce matso ka ji ɗumi. Wani zai kunna maganin sauro mai hayaƙi. Matar kawunka za ta turara maka ɗaki don karramawa. Ka yi godiya, ka faɗa musu gaskiya da ladabi, ka nemi bargo da gidan sauro. In za ka fita da sanyin safiya ka rufe hanci da baki da ƙyalle. Janareta kuwa da masu busa sigari, ka ba su hanya tun daga nesa.

Da ka ji wannan za ka ce ai daga nan Baba ya yi hankali. Ina! Tsugune ba ta ƙare ba. Likita ta ba ka abin shaƙa iri biyu, inhela suke ce masa. Mai ruwan ƙasa na kullum ne, safe da yamma, ko kana lafiya. Shuɗin kuma na lokacin da abin ya taso ne. Ka yi wata da watanni ko tari babu, kana buga ƙwallo, ka yi ƙiba har wuyanka ya fito. Wata rana muna zaune a majalisa bayan la'asar, sai wani dattijo, ba sai na kama sunansa ba, ka san shi da iya bayani a kan abin da bai sani ba, ya ce, "Malam, ni fa tausayin yaron nan naka nake ji. Abin nan da yake zuƙa, in huhu ya saba da shi, shi ke nan, ya zama kamar taba. Kuma wa zai ba shi 'ya yana yawo da kwalba a aljihu?" Sauran suka ce ƙwarai kuwa. Maganar ta shige ni, don dama ina jin nauyin a ce magajina mai lalura ne. Na dawo gida na ce ka warke, a ajiye na kullum ɗin. Innarka ta ce, "Likita ce ta ce?" Na ce, "Ni na ce."

Ba mu kai ƙarshen bugun waken soya ba sai ga mu a kan babur, hanyar Malumfashi, kamar wancan karon. Likitar nan ta gane ni tun daga ƙofa. Ta ce, "Malam mai hayaƙi, yau kuma me aka yi?" Na faɗa mata kaina a ƙasa. Ta ce, "Ka san wutar juji? Sama toka, ka ɗauka ta mutu, ƙasa tana ci. Kumburin da ke cikin hanyoyin nan haka yake. Na kullum shi ke danne shi. Shuɗin buɗe hanya kawai yake yi na ɗan lokaci, ba ya taɓa kumburin. Lafiyar da ka gani aikin maganin ce, sai ka kori mai aikin."

Saboda haka, ka ji ni da kyau. Ranar da ka fi jin ƙarfi, ranar ce shaiɗan zai ce maka ka warke. Kada ka ajiye na kullum sai likita ya ce, kuma in ka shaƙa ka kurkure baki kamar yadda aka koya maka. Shuɗin a aljihu yake zama, ba a ƙasan akwati ba, don a kan rufin mutane abin zai same ka, ba a gefen akwati ba. In ka ga kana yawan neman shuɗin, kada ka ce ai yana aiki, alama ce wutar ta taso, ka je a duba ka. In kuwa ka shaƙa bai sake ka ba, ko magana ta gagare ka sai guntu-guntu, babu jiran gobe, babu jiran kawu ya dawo kasuwa, asibiti kai tsaye. Ka nuna wa wanda kuke ɗaki ɗaya inda maganin yake da abin da zai yi. In mai kemis zai ba ka maganin ciwon jiki, ka fara gaya masa kana da asma, an ce akwai waɗanda ke tayar da ita. Batun aure kuma, tunda na ga ƙannenka na yi maka dariya a kan wata mai kiran waya, in lokaci ya yi ka faɗa wa mutanenta gaskiya tun farko. Gidan da zai ƙi ka saboda abin shaƙa, ka gode Allah da ya nuna maka su da wuri.

Duk waɗannan za ka iya cewa rashin sani ne, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Amma na bara ba rashin sani ba ne. Bara na san komai. Bayana ya riƙe, ban iya sunkuyo, aka kawo injin casa gona. Ka san yadda yake, in ya fara aman ƙaiƙayi ko na kusa da kai ba ka gani. Na ce ka tsaya can wajen buhuna ka riƙa ɗinke baki. Da ka ga ma'aikatan sun yi kaɗan, sai ka naɗe fuska da rawanina ka je bakin injin kana zuba zangarniya. Ina zaune a inuwar ɗorawa ina kallonka. Na ga lokacin da ka juya baya ka ciro shuɗin ka shaƙa a ɓoye, ka koma. Na ga ka sake. Maƙwabcinmu na gona ya zo wucewa ya ce, "Malam, ka haifu. Wannan ai ya ɗauke maka." Wallahi, Magaji, daɗin da na ji a ranar ban taɓa jin irinsa ba. Ɗana a gonata, a bakin aikina, mutane na gani. Kalma ɗaya ce tsakanina da kai, in ce fito, amma na haɗiye ta. Ka yi kwanaki kana kwana a jingine da bango, innarka ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa, kuma ta yi daidai.

Tunda ka tafi gidan ya yi mini faɗi. Ban taɓa gaya maka ba, shekara da shekaru in zan fita sallar asuba sai na ɗan tsaya a jikin ƙofarka in kasa kunne. In na ji shiru sai in wuce da alhamdu lillahi. In na ji wannan siririn kukan, ranar ko a sahu hankalina na gida. Har yanzu ƙafata tana tsayawa a wurin da kanta. Ina jin shiru, amma ban san yadda ka kwana ba. In na je gona na kan juya in yi maka magana a kan wata kunyar shuka da ta karkace, sai in ga ba kowa. Innarka tana zuba tuwo ta manta ta zuba da naka, ta tsaya tana kallon kwanon. Ina kewarka, ɗana. Ga shi na rubuta, tunda bakina ya ƙi faɗa.

Na daɗe ina lissafin cewa kai za ka riƙe gonakin nan bayana, kamar yadda na riƙe bayan ubana. Allah bai yi ƙirjinka don wannan ba, kuma Shi ya fi ni sanin abin da ya halitta. Gona ba ta mutuwa don an rasa wanda za a zura a rumbu. Na yi magana da baffanka Lawal, shi da yaransa za su kama mini, inji zai yi nasa, ni in zauna a inuwa in yi ta ba da umarnin da ba wanda zai bi. Rabonka na dawa zai iso ka Jos a buhu, an sheƙe, an gyara, ba ƙaiƙayi ko ɗaya.

To yanzu ga abin da nake roƙonka, kuma uba ba ya roƙon ɗa sai abin ya kai. Ka janye alkawarin nan. In kaka ta yi kada ka zo. Kada ka zo lokacin yankan dawa, kada ka zo lokacin bugun wake, kada ka zo sanda ake ƙona kara, ko da ka ji an ce bayana ya sake riƙewa. Ka bari sai damina ta zauna, ƙasa ta jiƙe, iska ta wanku, masara ta kai ƙugu. Mun lura lokacin ƙirjinka ya fi kwanciya, in dai ba ruwa ne ya doke ka ba. Ka zo sanda babu abin da za ka taya ni sai zama, innarka ta dafa maka ɗanyar gyaɗa, mu shimfiɗa tabarma a zaure mu yi shirunmu tare.

Na san za ka ce, "Baba, zan zo in tsaya nesa, ba zan taɓa komai ba." Ba za ka tsaya nesa ba, na san ka. Ni kuma na san kaina. In na gan ka ka sauko daga mota da jaka a kafaɗa, dawa na tsaye a gona, ba zan iya ce maka ka koma ba. Za ka naɗe fuska ka nufi injin, ni kuma in ji daɗi in yi shiru. Yau da kake nesa nake da ƙarfin hana ka, shi ya sa na hana ka yau. Ka taimaki tsohonka, ka yi mini wannan biyayyar. Gara in yi kaka ina kewarka da in yi ta ina tambayar innarka a bayan babur ko kana nan.

Allah ya buɗe maka ƙirji, ya sanyaya maka numfashi, ya haɗa ka da mutanen kirki masu jin magana in ka ce ba ka iyawa. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da na ƙarfe da na tsayi, ya sa wa nemanka albarka. Ka riƙe salla, ka bi kawunka, ka gaishe shi da iyalinsa. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini. Allah ya nuna mana damina da rai da lafiya.

Wassalam.

Ni ne,
Mahaifinka.